Shekarar da Na Ɗora wa Shanun Inna Karkiya

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a zuriyarmu, wai ni na raba gandun mahaifinmu don son abin duniya. 'Ya'yan Yaya Modu sun tashi da ita a kunnensu. Nawa kuma akasinta suka ji, wai shi ne ya kore ni don hassada. Duka biyun ba haka aka yi ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, don haka gara in faɗa muku tun bakina yana iya faɗa.

Mahaifinmu, Malam Bukar, Babarbare ne. Fataucin kanwa ya kawo iyayensa Katagum daga Barno, da gari ya koma Azare suka biyo jama'a, suka ajiye fatauci suka kama noma. Inna kuwa Bafillatana ce, daga wata ruga ta wajen Itas. Mu biyu ne maza a gidan, Yaya Modu da ni, Umaru. Lokacin da nake ba ku labari duk mun yi aure, amma muna cikin gandu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Baba ya manyanta, sai dai ya zo ya zauna a inuwa ya yi mana addu'a, ragamar aiki tana hannun Yaya. Kuma ku sani, a unguwarmu babu manomin da ya kai shi. In ya duƙa da fartanya ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen kunya. Amma ƙasa ta gaji. Shekarun fara sun wuce sun bar mu da rama, gona kuma ta cika da wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar gero ta tsotse shi. Kowace shekara aikinmu yana ƙaruwa, dammunanmu suna raguwa. Yaya ya ce maganin abin a ƙara sammako. Ni kuwa na ga mun kai ƙarshen sammako.

Wata rana gab da kaka, kafin a fara ɗibar soja zuwa yaƙin Turawa a ƙasar Bama, mai shela ya zaga kasuwa yana cewa duk mai son ganin yadda ake noma da shanu ya je gonar gwaji ta hukumar En'e da ke bayan gari. Mutane suka yi ta dariya. Ni ma don kallo na je. Na tarar da wani gajeren mutum mai fara'a ya jingine kekensa a jikin bishiya, wai shi ne malamin gona, sunansa Malam Sule, mutumin Zazzau. Ya sa aka fito da bijimai biyu da karkiya a wuya, suna jan garmar ƙarfe, ya kama hannunta ya bi su. Kafin mu gama mamaki ya huɗe filin da ni da Yaya za mu wuni a kai. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Can gefe akwai fili biyu maƙwabtan juna, an kafa turaku a tsakani. Geron ɗaya ya fi ni tsawo, zangarniya kamar damtse, ɗayan kuwa kamar daga gonarmu aka ɗauko shi. Da jama'a suka watse na matsa kusa da shi.

“Malam, wannan wane irin gero ne Bature ya kawo?”

“Ba Bature ya kawo shi ba,” in ji shi. “Geron garinku ne, a kasuwarku na auno shi. Iri ɗaya ne da na wancan filin, rana ɗaya aka shuka su, ruwa ɗaya suka sha.”

“To me ya raba su?”

Ya kama hannuna ya kai ni rumfar da ake ɗaure shanun. An shimfiɗa musu tattaka, wato ragowar kara da ciyawa, suna takawa suna yin kashi da fitsari a kai, in ta jiƙe a ƙara wata, har abin ya yi tudu.

“Ga abin da ya raba su. Kowa garmar yake zuwa kallo, amma garma rabin labari ce. Bijimin da ke kwana a gidanka yana yi maka noma da rana, yana yi maka taki da sauran lokacinsa. In ka ƙara da sauya shuka, bana gero baɗi gyaɗa, ka kuma riƙa cire wuta-wuta ka ƙona tun ba ta yi fure ba, ƙasarka za ta farfaɗo. Ba a shekara ɗaya ba, kada in yi maka ƙarya.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta sa na yarda da shi. Ya ce duk wanda ya kawo bijimansa za a horar masa da su, a koya masa riƙon garma, a kuma ba shi aronta. Na yi ta komawa har na haddace wurin. Ranar da na kawo maganar a zaure muna cin tuwo, Yaya ya yi dariya har ya ƙware.

“Wato kai ka gaji da duƙawa,” ya ce. “In lalaci ne ka faɗa, ba sai ka fake da dabba ba.”

Baba bai yi dariya ba. Ya suɗe hannunsa ya dube ni.

“Umaru, sa ba jaki ba ne. Ubana da hannunsa ya sare gonar nan, da hannu muka ci har muka haife ku. Ban da haka ma, ina ka ga shanun?”

Ya ɗauka magana ta mutu a nan, don ya san ko akuyar kirki ba mu da ita. Ya manta da Inna. Washegari ta kira ni tana tankaɗe a bakin ɗakinta, ta tambaye ni abin da na gani dalla-dalla. Ba ta damu da tsawon geron ba. Abin da ta yi ta nanatawa shi ne, yaya jikin shanun yake, ana dukansu, me ake ba su, ana ba su kanwa? Na ce mata sun fi na ruga ƙiba. Ta ci gaba da kaɗa rariya, can ta ce,

“Ina da shanu wajen Kawunka, na gadon mahaifina. Ka shirya, tare za mu je.”

Kawu Jauro ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke riƙe da rabonta tun da aka kawo ta birni. Ya karɓe mu da murna, aka dama mana fura da kindirmo. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ajiye ludayi. Suka koma Fillanci, wanda nake ji amma ba na iya mayarwa sosai. Ya ce da ta ce za ta sayar da su, ko ta yanka wa baƙo, da bai ce komai ba. Amma a huda hancin jinin shanun ubansu, a ɗora musu itace a wuya kamar bayi, wannan abin kunya ne da za a riƙa yi wa 'ya'yansa gori da shi a kowace mashaya.

“Adda, in suka fita garken nan don wannan aiki, kin fita tare da su.”

Inna ta miƙe ta gyara mayafinta.

“Jikokina suna kwana da rabin ciki, kai kana lissafin gori. Ware mini su.”

Ta zaɓi matasan bijimai biyu, baƙi da fari, tana kiransu Ɓaleri da Daneri. Muka koro su har Azare, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

A nan ne abin ya taɓa Yaya a inda ban zata ba. Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku gane ba. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa Bafillatana ce ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune, in za ta ba shi abu sai ta aika. Kunya ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma sanin abu daban, ɗaukarsa a zuci daban. Ya ga uwar da ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba ta taka har Itas, ta ɓata da ɗan'uwanta, saboda ƙanensa. Bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa wa Baba shi ne, shanun za su cinye harawar gandu, hannuna kuma zai koma kansu maimakon gona, don haka ko shi ko su. Ni ma ban sassauta ba, na ce ba zan mayar da su ba ko sama za ta haɗu da ƙasa. Da aka kwana biyu, Baba ya tara mu bayan sallar la'asar.

“Ba na son ranar da ɗayanku zai ɗaga wa ɗaya hannu. Umaru, akwai tsohuwar gonar nan ta hanyar Dambam da muka bari. Na ba ka. Amma in ka karɓa, ka fita gandu. Rumbunka daban, tukunyar matarka daban. In ka samu naka ne, in ka rasa kada ka dubi rumbun ɗan'uwanka.”

“Na karɓa, Baba,” na ce.

To kun ji yadda aka raba. Babu wanda ya kori wani, babu wanda ya ƙwaci wani abu. Aka ja danga a tsakar gida, matata Yagana ta kafa murhunta tana share hawaye, don ita da matar Yaya sun shaƙu ƙwarai.

Ranin nan ban san hutu ba. Da safe ina gonar gwaji da shanu. Aka huda musu hanci, aka fara sa su jan gungume kafin garma. Ɓaleri mai sauƙin kai ne, Daneri kuwa sai ya kwanta ya ƙi tashi, ko ya kwashe ni da gudu ya watsar a cikin ƙaya. Malam Sule bai taɓa bari a doke shi ba, sai ya ce a bar shi ya huce, a ba shi dusa a tafin hannu. Da yamma ina sabuwar gonata ina haƙe kututturan sabara da kalgo, don garma ba ta shiri da kututture. Na yi wa shanun rumfa a sashena, na riƙa yawon tara musu harawa da tattaka, takin da ya taru in ɗora wa jakin maƙwabci a mangala in kai gona. Bai isa ko'ina ba, sai na zuba shi a ɓangare ɗaya kamar yadda na gani a wurin Malam Sule. A majalisa aka sa mini suna bawan sa, wai ni ke kai masa abinci, ni ke kwashe masa kashi. Ina wucewa ina jin su, ban taɓa tankawa ba. Na riga na ga geron nan biyu da idona, su kuwa ba su gani ba.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, da ya zo kuma ya zo da ƙarfi. Na shuka gerona a ɓangaren da na zuba taki, na bar babban ɓangaren don gyaɗa, ita ce nake sa ran za ta riƙe ni. Na fara huɗar gyaɗa ke nan sai kurkunu ya kama Yaya a ƙafa biyu. A zamanin nan ba mu san daga ruwan tafki ake shan sa ba. Tsutsa ce ke fasa fata ta leƙo, sai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum ya yi wata da watanni a kwance, kuma ba ta tashi zuwa sai lokacin noma. Rabin mazan unguwarmu suna kwance da ita, don haka ko gayya aka kira babu mai zuwa. Geron gandu ya tsiro da kyau, ciyawa ta taso ta rufe shi. Ta kan danga nake jin nishin Yaya, amma babu wanda ya ce mini komai, ni ma ban ce ba.

Wata safiya ina kora shanu zan wuce, na hangi mutum a tsakiyar gonar gandu. Baba ne, ya ɗaura walki a kan wando, yana noma. In ya yi sara kaɗan sai ya dafa gwiwa ya huta. Ina tsaye ya tafi luu ya zauna a cikin ciyawa. Na ruga na ɗaga shi na kai shi inuwa, na ba shi ruwa. Da numfashinsa ya dawo bai roƙe ni komai ba, cewa ya yi in tafi kada rana ta yi mini. Daga nan ban wuce gonata ba, gonar gwaji na nufa na ɗauko Malam Sule. Ya zaga gonar yana duba layin shuka, yana taɓa kututture da ƙafa.

“Zai yiwu,” ya ce. “A kan tsohuwar kunya aka shuka, layin ya miƙe. In garma ta bi tsakani za ta binne ciyawar ta tara wa geron ƙasa. Amma kututture ya yi yawa, za ka sha wuya, kuma sai da mai jan shanun ta gaba don kada su tattake shuka. Sannan ka sani, gyaɗa ba ta jiran kowa. Kafin ka gama nan lokacinta ya wuce. In ruwa ya ɗauke da wuri, ka tashi a tutar babu.”

“In kai ne, Malam, me za ka yi?”

“Aikina in faɗa maka abin da ƙasa za ta yi. Abin da za ka yi da ubanka, kai ka fi ni sani.”

Da labari ya kai wa Yaya, daga kan gadonsa ya ɗaga murya har ana ji a zaure.

“Kada sa ya taka gonar nan ina raye!”

Baba, wanda ban taɓa jin ya tsawata masa ba tun da ya girma, ya tsaya a bakin ƙofarsa.

“Modu, ni ma ina raye, gonar kuma tawa ce. Kwanta ka ji da ƙafarka.”

Saura mai jan shanu. Baba ya gwada, Daneri ya ƙi bin sa, ya kauce ya kwantar da gero. Muna cikin haka sai ga Inna, wadda rabonta da gona tun tana yarinya, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ta karɓi igiya daga hannun Baba, ta shafa goshin Daneri, ta yi masa magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, ta juya ta kama tafiya. Suka bi ta kamar 'yan maruƙa. Haka muka yi ta yi kullum, tsohuwa a gaba, ni a baya, Baba yana bin mu yana tayar da shukar da ƙasa ta danne. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Bakin garma ya daki kututturen kalgo ya karye, hannun garmar ya buge ni a haƙarƙari har na kasa numfashi, Malam Sule ya kawo wani bakin a bayan kekensa ya ɗaura mana. Karkiya ta ci wuyan Daneri, Inna ta riƙa shafa masa man shanu, muka rage masa aiki zuwa safiya kawai, wanda ya ƙara ja mana lokaci. Matar Yaya ta gaya wa Yagana cewa ranar da aka ce wa mijinta Inna ce ke jan shanu a gonarsa, sai ya juya fuskarsa bango ya daɗe a haka.

Da muka gama na koma kan gyaɗata a makare. Abin da Malam Sule ya faɗa shi ya faru. Ruwa ya ɗauke tana cikin fure, da na tona sai ɓawo, in ka matsa ya fashe babu ƙwaya. Geron gandu kuwa ya yi, rumbu ya cika fiye da na bara. Ɗan ɓangaren da na zuba wa taki ya yi kyan da Malam Sule ya riƙa kawo manoma daga unguwanni, har da na garin Zadawa, yana tsayar da su a iyakar inda taki ya ƙare yana cewa su dubi dama su dubi hagu. Cikin masu ce mini bawan sa, akwai waɗanda suka same ni a keɓe suna tambayar yadda ake huda hanci. Amma yabo ba ya cika rumbu. Abin da na girbe ba zai kai mu tsakiyar rani ba, ga Yagana da ciki.

Ban yi nadama ba a lokacin, ban kuma yi ba har yau. Bayan wasu shekaru gonar nan ta hanyar Dambam, wadda aka bari don ta mutu, ita ta ciyar da ku ta yi muku sutura. Amma wanda ya fi kowa biyan abin ba ni ba ne, Inna ce. Kawu Jauro bai sauka daga maganarsa ba. Ta aika masa da goro ya dawo da shi. Ba ta ƙara taka rugarsu ba, rasuwarsa ma a bakin masu tallar nono ta ji. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Gandu kuma bai sake haɗuwa ba, don kowa ya riga ya saba da tukunyarsa, dangar nan ce daga baya ta zama katangar da kuka sani.

Bayan an gama shigar da amfani rumbu, wata rana da hantsi ina ba shanu harawa sai na ji sallama a ƙofar sashena. Rabon Yaya da ya tako wurin tun ranar da aka ja danga. Yana dogara sanda, don ƙafar hagu ba ta koma daidai ba har ya rasu, ga jaki a bayansa an labta masa dammunan gero har ba a ganin kunnensa. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe. Na tuna sharaɗin Baba, na kuma san halin mutumina, sai na ce,

“Yaya, ai an ce kada in dubi rumbunka.”

“Wa ya ce naka ne?” ya ce, yana kwance igiya. “Ladan shanu ne. Ba na cin guminsu a banza.”

“Shanu ai ba sa cin tuwo, Yaya.”

Ya sauke damin farko ya jingine a jikin rumbuna. Ya tsaya yana duban Daneri, ya kai hannu ya taɓa tabon da ke wuyansa, sannan ya juyo ya dube ni, karo na farko a shekarar.

“To kai ka ci musu. Zo ka kama mini, ƙafata ba ta son tsayuwa.”

Na kama masa muka sauke. Sawu ya yi ta yi da jakin nan har azahar, kuma geron ne muka ci har sabon ya nuna.